Gaisuwar da Ba Ta Wuce Kazaure Ba

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na sake ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna wajen mai shayi a Gaya a tare ni. Har wani mutumin Gafasa da babu abin da ya taɓa haɗa mu sai gardamar iyakar gona ya tsayar da babur ɗinsa ya ce, "Iro, wai da gaske ne har bayan Damagaram ka je saboda rediyo?" Na gaji da maimaitawa. Na kuma lura duk sanda na ba da labarin sai na ƙara masa gishiri, har na fara tsoron wata rana zan ce a kan raƙumi na je. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, da ɗan rubutun da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, inda na yi wata biyar malamin ya roƙe ni in huta saboda surutu. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ina da yaya mace, Asabe. Ita ta goye ni. Mijinta makiyayi ne, da wurin kiwo ya yi ƙaranci a wajenmu sai ya kwashe iyalinsa ya koma cikin danginsa, wani ɗan ƙauye arewa da Damagaram da ake kira Garin Bawa. Shekara talatin da 'yan kai ke nan. Ta zo gida sau biyu, na ƙarshen lokacin rasuwar mahaifiyarmu. Ni kuwa ban taɓa zuwa ba. Kullum maganata ita ce sai an yi girbi, in an yi girbin kuma sai an sayar da rogo.

Abin da ya riƙe zumuncinmu shi ne filin gaishe-gaishe na ranar Juma'a, tsakanin magariba da isha'i, a wata tsohuwar tasha ta Kano. Duk wata sai in sa Sagiru ƙanin matata, wanda malamin firamare ne, ya rubuta mini kati: Iro Mai Rogo na Toranke yana gaida yayarsa Asabe a Garin Bawa. A karanta, in ji a nan, ita ma ta ji a can. Da haka na ɗauka na sauke nauyi.

Sai aka buɗe wata sabuwar tasha ta FM. Sagiru ya murɗa mini maɓalli ya ce in saurara. Wallahi kamar mai maganar yana zaune a kan tabarmata, babu shuuu ɗin nan na tsohuwar tasha. Ga shi mai gabatar da gaisuwarsu yana da baki. Ranar da aka fara kai katina sai na ji ya ce, "Alhaji Iro Mai Rogo, babban manomi, uban marayu na ƙasar Ajingi!" Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. Nan take na ce wa Sagiru daga yau can za a riƙa kaiwa. Lissafina mai sauƙi ne: muryar da ta fi fitowa tangaram ita ta fi ƙarfi, wadda ta fi ƙarfi kuwa ita za ta fi nisa. Har ina jin daɗi Yaya za ta ji an kira ni Alhaji.

Shekara biyu ana haka. Wata Asabar cikin bazara, bayan an ci kasuwar Wudil, sai ga Mamman, babban ɗanta, ya yi sallama. Ya kawo shanu ne. Aka kawo masa tuwo ya ƙi sa hannu.

"Kawu, me Inna ta yi muku kuka daina gaishe ta?"

"Wa ya daina? Ko makon jiya sai da aka kira sunanta, har da kirari."

"Mu dai shekara biyu ba mu ji ba."

Ya ba ni labarin abin da ban taɓa sani ba. Ashe duk Juma'a matan garin a ƙofar ɗakinta suke taruwa su saurari filin. Ita baƙuwa ce a cikinsu, har yau Bakanuwa suke kiranta, kuma tun da mijinta ya rasu wannan gaisuwar ce shaidarta cewa ba daga sama ta faɗo ba. Da aka daina ji, da farko sun ce kati ne ya makale. Daga baya suka rage zuwa. Wata tsohuwa mai suna Zuwai ta tambaye ta a bakin rijiya ko dangin nata sun ƙare ne.

"Ta tara mu," in ji Mamman, "ta ce in ta mutu kada a aiko Toranke. A bar ku ku ji a bakin 'yan kasuwa."

Na ce ya haɗa ni da ita a waya. Ya ce garinsu babu sabis sai ranar kasuwa a wani gari, kuma ya sha roƙonta ta ƙi. Cewa ta yi wanda ya daina gaishe ta a gaban mutane ba zai gaishe ta a ɓoye cikin kunne ba.

Washegari na rungumi rediyona na nufi Gaya wajen Malam Hamisu. Shi ne mai gyaran rediyon da ya rage mana, ko da yake yanzu fitilar sola da cajar waya sun fi yawa a teburinsa. Na zayyana masa komai. Ya sauke tabarau ya dube ni yadda ake duban akuyar da ta shiga masallaci.

"Iro, shekara nawa kana sauraron rediyo?"

"Tun kafin ka iya riƙe sukundireba."

"To me ake nufi da matsakaicin zango?"

Gaskiya tun ina saurayi nake jin ana cewa "a kan mita kaza a matsakaicin zango", amma na ɗauka wani abin buɗe baki ne, kamar yadda maroƙi ke gyaran murya kafin ya fara.

Ya ce in tuna in an jefa dutse a tafki, yadda ruwa ke tashi layi-layi. Muryar tasha haka take tafiya a iska. Wata tazarar da ke tsakanin layi da layi gajera ce, wata doguwa, wata tsaka-tsaki, kuma tsawon wannan tazarar ne mitocin da ake faɗa. Ya nuna mini inda aka rubuta haruffa biyu a jikin akwatin rediyon, M da W, ɗaya kamar an kife ɗaya, ya ce nan ne matsakaicin. Kowanne da halinsa. Gajeren zango tsalle yake yi, ya tsallake ƙasashe, shi ya sa tashoshin waje suke kansa. FM kamar hasken tocila ne, kai tsaye yake tafiya, ga haske tas, amma inda ƙasa ta lanƙwasa nan ya tsaya. Matsakaicin zango kuwa ƙasa yake bi yana rarrafe, ya hau tudu ya gangara kwari. Sannan akwai wanda yake tashi sama. Da rana sama takan haɗiye shi, amma rana na faɗuwa sai ta riƙa maido shi ƙasa, ya sauka can wata uwa duniya.

"Shi ya sa yayarka take jin tsohuwar tasha da magariba. Taka mai daɗin murya ko Daura ba na jin tana kaiwa."

"Wato shekara biyu ni kaɗai nake gaida kaina?"

"Kai da mutanen Ajingi, Alhaji."

Ya kuma ce in daina zaro eriyar nan kamar mai kamun kifi, ba ta matsakaicin zango ba ce. Tasa tana ciki, wata baƙar sanda. In murya ta yi rauni akwatin gaba ɗaya ake juyawa.

Na sa Sagiru ya kai kati tsohuwar tasha da hannunsa, ya roƙa a karanta a Juma'a ta sama. Dabarata ita ce a karanta ina zaune kusa da Yaya, a gaban matan nan. Mamman ya riga ni komawa, muka yi zai tare ni ranar Alhamis a garin da suke cin kasuwa. Ranar Laraba da asuba na ɗaure daddawa da kuka da garin rogo da turmin atamfa, na hau babur zuwa Gaya, daga nan mota zuwa Kano, na shiga ta Daura.

A motar na zauna kusa da wata Hajiya mai fataucin atamfa, wadda ta cinye kujerarta da rabin tawa. Na kunna sabuwar tasha na ɗora a cinya, don ina so in gani da kunnena. Har Kazaure tana nan garau. Muna wucewa ta fara shaƙewa kamar mai mura, ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo, sannan ta tafi gaba ɗaya. Na leƙa ta taga. Wata gonar dawa ce da ba a ko share ba, da jaki ɗaya a tsaye. Na ce a raina, ashe nan gaisuwata take sauka duk wata, wannan jakin ne yake amsawa.

Na murɗa zuwa matsakaicin zango. Tsohuwar tasha tana nan, sai dai duk sanda direba ya taka mai sai rediyon ya yi kuka tare da injin.

"Baba, don Allah ka kashe mana wannan abin," in ji Hajiya. "Mutane suna ta waya kai kana fama da kayan tarihi."

"Hajiya, ni ma kayan tarihin ne, ga shi kin zauna a kan rabina."

Motar ta kwashe da dariya, ita ma ta yi, har ta ba ni dabino.

A Kwangwalam, bakin iyaka, muka sauka aka duba mu, muka tsallaka Ɗan Barto, ɓangaren Nijar. Muna jiran a gama da kayan Hajiya sai na koma gefe na kara rediyo a kunne, ina juyawa a hankali yadda Hamisu ya koya mini. Na yi gabas, na yi kudu, na sake dawowa. Ban ankara ba sai na ji murya a bayana.

"Tsoho, alƙibla ta ɓace maka ne?"

Jandarma ne, dogo, fuska ba wasa. Ya ce in ba shi takardata. Cikin gaggawa na zaro kati na miƙa, ashe na ƙungiyar masu sauraron rediyo ta Gaya ne, mai hotona da rawanin aro. Ya duba hoton, ya dube ni da hular da ta sha rana.

"Wannan sarkin ina ne?"

"Ranka ya daɗe, an sauke shi."

Sai ya fashe da dariya. Na lalubo katin gaskiya na ba shi. Ya karɓi rediyon ya juya shi sau ɗaya, murya ta fito, ya ce mahaifinsa ma haka yake yi a ƙauyensu, har ya zana layi a ƙasa inda akwatin ke zama. Ya ce in na wuce Damagaram kada in wahalar da pil ɗina da rana, haka suke kiran batir, in jira rana ta faɗi.

A Matamaye na sayi burodinsu dogo mai kama da taɓarya. Haƙoran da suka rage mini guda tara ne, na gwada shi da su na ga zan koma gida da takwas, sai na sa shi a jaka na sha fura. Furarsu kuwa ba ta da wasa, nonon ya fi geron yawa, ba irin tamu da ake nuna wa ruwa nono daga nesa ba.

Mun shiga Damagaram bayan la'asar, motar arewa ta riga ta tashi. Ina tsaye a tasha ina zare ido sai wani dattijo mai gyaran takalma, Malam Laminu, ya tambaye ni daga ina. Da na ce Gaya sai ya ce ya taɓa kwana a can zamanin yana fatauci, wani ya ba shi tabarma da tuwo bai ko tambayi sunansa ba, don haka yau a zaurensa zan kwana. Ya dafa shayi a 'yar buta kan gawayi, ya zuba mini a kofin da bai fi babban yatsana ba. Na kurɓe, ɗaci kamar maganin zazzaɓi, na yi godiya na miƙe. Ya kama gefen rigata.

"Ina za ka? Na farko ke nan. Sai ka sha uku."

Mu a Gaya a cika maka kofi da madara ka shanye a tsaye ka wuce gona. Su kuwa shayin dalili ne kawai na a zaunar da mutum. Kafin a kai na uku, mai zaƙin, na gaya masa duk abin da ya kawo ni. Da aka yi magariba na kunna rediyon a tsakar zauren. FM ɗin Kano babu ko numfashi. Na koma matsakaicin zango, na juya akwatin kudu, sai ga tsohuwar tasha tana sanarwar wani ɗaurin aure a Wudil, da shuuu ɗinta da komai. Na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu.

"Kwana nawa ka yi a hanya?" in ji Malam Laminu.

"Yau da asuba na taso."

"Yau?" Ya ajiye butar. "Shekara talatin, ashe tafiyar wuni ɗaya ce da rabi."

Ya shiga ɗauraye kofunansa. Na so a ce ya zage ni.

Da safe na hau akori-kura, a kan buhunan albasa, tare da mutum goma sha wani abu da awaki huɗu. Ina ta kare rediyo daga rana, ban lura ba wata akuya ta huda ƙullin garin rogo ta yi rabi. Mai akuyar ya ba ni haƙuri ya ce ba ta taɓa cin abin Najeriya ba ne. Mamman ya tare ni da amalanken shanu, muka yi ta tafiya cikin rairayi har inuwa ta yi tsawo. Garin Bawa gida ashirin ne ko ƙasa da haka, da rijiya ɗaya mai zurfin da sai sa ne yake jan guga.

Yaya tana zaune a ƙofar ɗakinta. Na san ta tsufa, amma a kaina ina ɗauke da matar da ta zo makoki ne, mai tafiya kamar za ta kama ɓarawo. Wannan kuwa 'yar ƙarama ce, idanun sun yi fari-fari. Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni."

"Lafiya lau. Sannu da zuwa, baƙo. A kawo wa baƙo ruwa."

Aka kawo ruwa, aka kawo tuwon gero da cuku, aka share mini ɗaki. Babu abin da aka rage na karɓar baƙo, sai dai sunana bai fito daga bakinta ba. Na miƙa tsaraba, ta sa aka karɓa aka gode. Na zauna na kwashe karatun Hamisu kaf na juye mata, har da tafki da tocila da jakin Kazaure. Ta saurara har ƙarshe.

"Ni dai na san rediyo ɗaya ce. Tawa ba ta lalace ba."

Ta sa aka ɗauko ta. Ta marigayi mijinta ce, an ɗinka mata riga da atamfa, an ɗaure maɓallin da zare don kada wani ya gusar da shi, inda allurar take kuma an ɗiga lalle. Shekara talatin ba ta matsa daga nan ba. Ni ne na matsa.

Na ce gobe Juma'a za a karanta gaisuwar, a gaya wa mutane su zo. Ta ce in ta zo ta zo.

Suka zo kuwa. Ana idar da magariba mata suka cika ƙofar ɗakin, maza suka tsaya bayan darni kamar ba abin da ya kawo su. Zuwai, tsohuwar nan ta bakin rijiya, ta zauna a gaba. Mamman ya sa sabon pil, ya ɗora rediyon a kan turmi. Filin ya fara, murya na fita sosai. Aka gaida mutanen Bichi, aka gaida na Rano. Ina ta gyara zama ina kallon Zuwai ta gefen ido.

Sai rediyon ya yi ƙarrr, kamar an yaga sabon yadi. Ya sake yi. Na ɗaga kai, can kudu ƙasan sama walƙiya na ƙiftawa, ba a ko jin tsawarta.

"Hadari ne a wajenku," in ji Mamman. "Haka take yi in damina ta kusa."

Na ɗauki akwatin na juya gabas, na juya yamma. A tsakanin yage-yagen nan na ji mai gabatarwa ya ce "sai kuma ƙasar Ajingi", na ji wani abu mai kama da Toranke, sannan ƙarar ta rufe komai. Da ta lafa, ana gaida wani mai shago a Dambatta. Daga baya Sagiru ya rantse mini an karanta katin daga farko har ƙarshe, duk Toranke an ji. Amma ba Toranke nake buƙata ba.

"Ni dai ban ji Asabe ba," in ji Zuwai.

Yaya ta laluba da hannu ta kashe rediyon, ta fara jawo masa rigarsa. Na ga mata sun fara neman takalma. In suka tashi a haka, na san na zo ne kawai na ƙara mata kunya a kan wadda na riga na jawo mata.

Ban san sanda na miƙe ba. Na zari ludayi daga cikin ƙwarya na kara a baki, na toshe hanci ɗaya, na ce, "Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, kuna tare da tashar Toranke, a kan mita ɗaya da rabi, wato tsawon mai magana." Wata ta yi dariya ta rufe baki. Na ce, "Katinmu na farko daga wani tsohon banza ne, Iro Mai Rogo, wanda ba Alhaji ba ne, ba babban manomi ba ne, yana gaida yayarsa Asabe da ta goye shi ya yi mata fitsari a baya, ya girma bai taɓa tako ƙafarsa ya gode ba." Na yi shuuu da baki, na juya jikina kudu kamar akwatin, mazan bayan darni suka fashe.

Na ci gaba. Na ce matata Ladi tana gaishe ta. 'Ya'yana bakwai, na kira su ɗaya-ɗaya da sunan 'ya'yansu. Gidan Kawu Sale na Gafasa, da gidan Liman, da na Sarkin Aska. Ina cikin jero su sai na ji muryar Yaya, ba ta ɗago ba.

"Talatu ta gidan Liman fa?"

Ƙawarta ce ta ƙuruciya. Na sauke ludayin.

"Ta rasu, Yaya. Shekara huɗu."

"Allah ya jiƙanta. Hassan ɗan Baba Ƙarami?"

"Yana nan, ya makance."

"Tsamiyar ƙofar gida?"

"Iska ta kayar da ita. Mun dasa darbejiya."

Haka muka yi ta yi, tana kira ina amsawa, wannan yana nan, wannan ya tafi, matan suna cewa Allah ya jiƙa tare da ita, kamar sun san su. A nan na gane katin nan da nake taƙama da shi, ko lokacin da yake isowa, kalma ɗaya yake ɗauke da ita: yana gaisuwa. Bai taɓa gaya mata wa aka haifa ba, bai taɓa gaya mata wa aka binne ba. Ba wanda ya tashi har aka kira isha'i. Zuwai ta dafa ƙasa ta miƙe, ta dube ni sama da ƙasa.

"Bakanuwa, ashe mahaukacin ƙani gare ki."

"Tun yana goye haka yake," in ji Yaya. "Iro, ajiye mini ludayina."

Ranar Asabar wuni muka yi a inuwar ɗakinta. Ta yi mini faɗan garin rogon da ya zo rabi, ta ce daddawar ba ta kai ta mahaifiyarmu ba, ta shafa fuskata ta ce na tsufa ba kyan gani. Amma maganar da ta yi wa 'ya'yanta ba ta tayar ba, ni ma na kasa. Sau biyu ina buɗe baki sai in ji na koma zancen farashin gero. Na kwana da abin a raina, don na san halinta: in ta faɗi magana a gaban 'ya'ya, janye ta ya fi mata cire haƙori wuya.

Lahadi da sassafe Mamman ya ɗaura shanu. Yaya ta rako ni har bakin darni tana riƙe da hannun rigata, ta sa aka ɗora mini cuku da man shanu a kwalba. Na hau amalanke. Na ce a raina shi ke nan, na sami sunana amma ban sami abin da na zo nema ba. Mamman ya ɗaga sanda ke nan sai ta ce ya dakata.

"Mamman, maganar nan da na yi muku."

"Na'am, Inna."

"In lokacin ya yi, a sanar da Toranke. Amma kada a sa a rediyo. Ka je da ƙafarka, ka zauna, ka ci tuwonsu, sannan ka faɗa."

Ni kuma in abu ya cushe mini, shirme ne yake fitowa.

"In ni na riga ki fa, Yaya?"

"Kai? Yaushe ka taɓa riga wani zuwa wani wuri?" Ta saki hannun rigar. "In ka riga ni, su ma su turo mutum. Kuma ba na son mai sauri. A turo wanda zai kwana."

Na ce to. Mamman ya taɓa shanun, muka kama hanya.